Tambayoyinku: Ana rabon teku, ina rabon tsiron da ido ba ya gani?

Wasiƙun wannan watan a kan teku suka taru, abin da ba a saba gani ba a wannan fili, tun da yawancin masu rubuto mini sun fi kusa da rairayin hamada. Na taƙaita masu tsawo, na haɗe masu kama da juna. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kifin ƙanƙara nake sayarwa. Kwanaki na ji wani masani a rediyo yana cewa lallai ne a "tsara teku", a ware wa kowa wurinsa. Ruwa ne fa. Ta yaya ake yanka ruwa a raba? Sannan mu da ke nan Arewa, ina ruwanmu?
— Wani ɗan kasuwa, Kano

Amsa: Barka kadai, Alhaji. Wanda ya tsaya a bakin teku a Legas zai ɗauka fili ne fetal, babu kowa a ciki. Sai ya buɗe taswirar da matuƙan jirgi ke aiki da ita zai ga layi a kan layi. Ga hanyar manyan jiragen kaya masu shiga Apapa da Tin Can da sabuwar tashar Lekki da aka buɗe a 2023, ga inda suke jefa anga suna jira, ga rijiyoyin mai, ga bututun gas da ya tashi daga Najeriya ya bi ƙarƙashin ruwa ta gaban Benin da Togo har Ghana, ga wayoyin intanet kwance a ƙasa. A tsakaninsu kuma akwai masu yasar yashi, da jiragen kamun jatan lande, da dubban masu kwale-kwale da ke neman abin da za su kai gida.

Idan ba a tsara ba, karo ake yi. A watan Agustan 2012 angar wani jirgi ta fasa wancan bututun a gaban Lome, aka yi kusan shekara Ghana ba ta samun gas ɗin da take kunna wasu injinan wutarta da shi. Na tabbata kuma ba ka manta da tsakiyar Maris ɗin 2024 ba, lokacin da wayoyi huɗu da suka bi ta yanki ɗaya a gaban Kwaddebuwa suka lalace lokaci guda, bankuna suka rikice, mai saye yana tsaye da kifi a leda ya kasa biya.

To, aikin da ake yi a kan ruwan ake rabawa. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓa ikon arzikin da ke cikin mil 200 daga bakinta. Gaɓar Najeriya kimanin kilomita 853 ce, ka ga ashe ba ƙaramin fili ba ne. Muna ma da ɗan guntun tsari tun da daɗewa: doka ta hana manyan jirage masu jan taru shiga cikin mil 5 na farko, an bar wa ƙananan masunta. Ko ana kiyayewa, wannan magana ce daban. A 2023 aka kafa ma'aikata sukutum ta harkokin teku da arzikin ruwa, shi ya sa kake yawan jin zancen yanzu.

Wasu sun riga mu nisa. Ostireliya ta kafa dokar kare babban murjaninta a 1975, a 2004 ta sake zana shi ta hana kamun kifi a kusan kashi ɗaya cikin uku. Tarayyar Turai ta yi doka a 2014 cewa kowace ƙasa mai teku ta gama tsarinta kafin ƙarshen Maris ɗin 2021. Beljiyam, wadda gaɓarta ba ta kai kilomita 70 ba, ta cusa tashoshi da injinan wutar iska da haƙar yashi da atisayen soja da kamun kifi cikin ɗan ruwanta, kowa da iyakarsa. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ta yi dokarta a 2018.

Mu da muka san burtali ba mu buƙatar dogon bayani. Kakanninmu sun ware gona, sun ware makiyaya, sun bar wa shanu hanya zuwa mashaya, mun kuma ga abin da ya biyo baya da aka nome hanyoyin. Bambancin ɗaya ne, shi ne kuma ke ba masu tsarin teku ciwon kai: makiyayar teku ba ta zama wuri ɗaya. Ciyawarta, wato ƙananan tsirran da ke shawagi a ruwa, da igiyar ruwa take tafiya, ta yi yabanya a nan wannan watan, wata mai zuwa ta ɓulla a can.

Wannan ciyawar ce jarinka, Alhaji. Titus da shawa da kote da ke cikin firijinka, ko dai ita suke ci, ko suna cin ƙananan halittun da suka ci ta. A ƙiyasin da masana ke aiki da shi, kowane mataki na ci kashi ɗaya cikin goma ne kawai ke wucewa gaba, wato kilo ɗaya na kifin da ke mataki na uku ya lashe kusan kilo 100 na tsiron. Alƙaluman gwamnati na cewa muna buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuwa bai wuce sulusinsa da yawa ba. Saboda haka duk abin da ya taɓa ruwan Norwe ko na Murtaniya, sai ya iso farashin katon a Kano.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ɗaliba ce ni a ajin ƙarshe, sashen nazarin halittu. An koya mana cewa fitofilankton ne ke yin kusan rabin abincin da tsirran duniya ke haɗawa. Amma na duba taswirorin tsarin teku na ƙasashe da dama, ina ganin dazukan bakin ruwa da murjani da hanyoyin kifin whale, ban taɓa ganin an ware wa fitofilankton ko taku ɗaya ba. Mantuwa ce ko ganganci?
— Wata ɗaliba, Zariya

Amsa: 'Yata, kin sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Bari in fara da sauran masu karatu. Fitofilankton ƙananan tsirrai ne da ke shawagi a saman ruwa, iya inda hasken rana ke kaiwa, wanda ko a ruwa mai garau bai cika wuce mita 200 ba. Kowane ɗaya ƙwayar halitta guda ce tak, ba saiwa ba ganye. Danginsu da kowa ya sani su ne masu mai da ruwan kududdufi kore.

Idan kika samu zuwa Legas, ja raga mai laushi ƙwarai a bakin lagun da safe, ki ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi ki leƙa ta madubin ɗakin gwaji. Dayatom za ki fara gani: 'yan akwatuna na gilashi, murfi a kan murfi, wasu zagaye da zane a jiki, wasu a jere sun sarƙe juna da ƙayoyi, cikinsu ruwan zuma. Can gefe ga wani mai bulala biyu yana juyi yana ratsa su. Wasu daga cikin irinsa ne ke sa ruwa walƙiya da dare idan filafili ya taɓa shi. Wanda ya fi kowa yawa ma ba za ki gan shi da kyau ba saboda ƙanƙanta. Sunansa Prochlorococcus, sai a 1988 Sallie Chisholm da abokan aikinta a Amurka suka bayyana wa duniya shi, alhali a wasu wurare mililita ɗaya ta ruwan teku kan ɗauki sama da 100,000 nasa. Duk nauyin waɗannan tsirrai bai kai kashi 1 cikin 100 na tsirran duniya ba, amma da yake cikin 'yan kwanaki suke haihuwa su mutu wasu su maye, aikinsu ya yi kafaɗa da na dukan dazuzzuka da gonaki.

Yanzu ga tambayarki. Akwai mantuwa, amma tsarin lissafin ne ya haife ta. Babban nazarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki nauyi, wanda ya fito a 2005, ya kasa hidimomin da muhalli ke yi wa ɗan Adam gida huɗu: abin da yake ba mu kai tsaye kamar kifi da itace, abin da yake daidaita mana kamar yanayi da tsabtar ruwa, abin da ya shafi al'ada da nishaɗi, sai kuma aikin tushe wanda sauran ukun ke tsaye a kansa. Yawancin aikin fitofilankton a gida na huɗu ya faɗa. Masu lissafin kuɗi kuwa sukan tsallake wannan gida da gangan, suna cewa idan aka ƙirga kifi aka kuma ƙirga abincin kifi, an ƙirga abu ɗaya sau biyu. A takarda hujjarsu ta zauna. A teburin rabo kuwa, abin da ba a rubuta masa farashi ba sifili ake ba shi.

Ƙari a kan haka, ba shi da mai shi. Tashar jirage tana da hukuma, rijiyar mai tana da kamfani da lauyoyinsa, kunkurun teku ma yana da ƙungiyoyi masu buga hotonsa a riga. Wa zai tashi a zauren taro ya yi magana da yawun dayatom? Sannan mai zanen taswira yana son abin da zai kewaye da layi ya tafi ya dawo bayan shekara goma ya tarar da shi a wurin. Murjani yana yi masa haka. Wannan tsiro ba ya yi.

Ni ban cika gamsuwa da masu cewa a warware matsalar da liƙa masa farashin dala ba. Duk lambar da aka kawo, mai rijiyar mai zai kawo wadda ta fi ta, kuma tasa a banki take. Abin da na fi gani da amfani shi ne a gane cewa yawon nasa ba na banza ba ne, yana da wurare da lokuta da yake maimaitawa. Akwai gaɓoɓi huɗu a duniya inda iska ke ture ruwan sama, ruwa mai sanyi mai taki ya taso daga ƙasa: gaban Peru da Chile, gaban Kalifoniya, gaban Namibiya da Afirka ta Kudu, sai gaban Maroko da Murtaniya da Senegal. Duka ba su kai kashi 1 cikin 100 na faɗin teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na kifin da ake kamawa daga nan yake fitowa. Irin waɗannan wurare ana iya zana su. Tun 1978 taurarin ɗan Adam ke auna launin teku, kore alamar tsiro, shuɗi alamar ruwa marar taki, kuma a Fabrairun 2024 NASA ta harba wani mai suna PACE wanda ke iya bambanta dangin tsiron daga sama.

Sai dai taswira kaɗai ba ta isa, sai an haɗa ta da kalanda, wani lokacin ma da rahoton mako-mako. Kanada ta koyi wannan da tsada. Akwai wani nau'in whale da ya rage 'yan ɗaruruwa a duniya, abincinsa ƙananan halittu masu cin fitofilankton. Ruwa ya ɗumama, abincin ya ƙaura, dabbobin suka bi shi zuwa mashigin Sen Lorans inda ba a yi tanadin kare su daga jirage da igiyoyin masunta ba. A 2017 goma sha biyu suka mutu a ruwan Kanada, wasu jirgi ya buge, wasu igiyar masunta ta sarƙe. Daga nan aka koma dokar da ke bin dabbar: inda aka gan ta, jirage su rage gudu, a rufe kamun kifi na ɗan lokaci, in ta wuce a buɗe.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a riƙa yi wa kowane babban gini a teku: me zai yi wa gaurayar ruwa? Wani nazari da masana a Jamus suka fitar a 2022 ya nuna cewa manyan gonakin injinan iska a Tekun Arewa na iya ƙara ko rage yawan tsiron da ake samu da kusan kashi 10 cikin 100 a wasu wurare, har nesa da inda aka kafa su, don suna rage ƙarfin iskar da ke motsa ruwa.

Shawara ɗaya tun da kina neman abin da za ki yi bincike a kai nan gaba: kada ki dogara da tauraron ɗan Adam kaɗai a gaɓarmu. Da damina gajimare ke rufe masa ido, da hunturu ƙura, a bakin koguna kuma laka kan ruɗe shi ya ƙirga ta a matsayin tsiro. Sai an shiga jirgi an ɗebo ruwa. Turawan Ingila tun 1931 suke ɗaura wa jiragen kasuwa wata na'ura mai tace ruwa a kan ƙyallen siliki, har yau ba su daina ba, da wannan tarin ne suka gane yadda halittun ke matsawa arewa. Muna da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975. Irin wannan awo mai gundura, wata bayan wata, shi ya kamata a riƙa ba ta kuɗinsa ba yankewa.

Tambaya: Malam, ina kiwon karfasa da tarwaɗa. An koya mini in zuba kashin kaji ruwa ya yi kore don kifi ya samu abinci. To na ga a labarai wai irin wannan koren ne ke kashe kifi a teku. Wanne zan ɗauka?
— Mai kiwon kifi, Bauchi

Amsa: Ɗauki duka biyun, malam, gaskiya ne. Gwajin da ake koya wa masu kiwo ka san shi: tsoma hannunka a ruwa har gwiwar hannu. Idan kana ganin tafinka tar, ruwan yana son taki. Idan tafin ya ɓace tun hannun bai kai rabi ba, an wuce gona da iri, a dakatar da taki a ƙara sabon ruwa. Da rana tsiron yana fitar da iskar oksijin, da dare shi ma shaƙa yake yi, wanda ya mutu kuma ƙwayoyin da ke ruɓar da shi suna cinye sauran. Shi ya sa da asuba, kafin rana ta fito, kake tarar da karfasa sun taso sama suna haki da baki a buɗe. Tarwaɗa ta fi juriya don tana iya shaƙar iskar waje.

Abin da ke faruwa a teku ke nan, sai dai girma. Kogin Misisipi yana kwaso takin gonakin masara na tsakiyar Amurka ya juye a mashigin Meziko, kowace bazara ƙasan ruwan ya rasa iska. A 2017 yankin da ya mutu ya kai kimanin murabba'in kilomita 22,700, ya ɗara faɗin jihar Kano. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai kuma masu dafi da masu toshe wa kifi hanyar numfashi. A farkon 2016 irin wannan yabanya ta kashe miliyoyin kifin salmon a kejin kiwo na kudancin Chile, asarar ta kai ɗaruruwan miliyoyin dala. A 2019 Norwe ta yi asarar kifi kimanin miliyan 8. Kifin da ke sake yana iya gudu, na cikin keji ba shi da inda za shi. A 2008 zuwa 2009 jan ruwa, wato yabanyar tsiron da ke rina teku ja, ya toshe matatun da ke mai da ruwan teku na sha a Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wasu sai da aka rufe su na ɗan lokaci. Alhazanmu su lura: yawancin ruwan famfon da suke alwala da shi a Jidda da Makka daga irin waɗannan matatu na bakin Bahar Maliya yake zuwa.

Don haka mai tsara teku yana da aiki biyu a kan tsiron nan. Ya kare inda yake ciyar da kifi, ya kuma kauce wa kafa keji ko bakin bututun matata a lungun da ruwa ba ya gudu kuma magudanar gari ke zuba. Ina faɗin haka ne da lagun ɗin Legas a raina, inda ake ta sha'awar kiwon keji alhali kwatocin birnin a nan suke ƙarewa.

Tambaya: Wai da gaske ne in waɗannan tsirrai suka mutu numfashinmu zai ƙare? Na gani a WhatsApp.
— Wani matashi, Maraɗi

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗana. Gaskiya ne kusan rabin oksijin da ake samarwa kowace shekara daga teku yake, amma yawancinsa halittun tekun ne ke shaƙe abinsu. Wanda ke sararin sama, kashi 21 cikin 100 na iska, tari ne na miliyoyin shekaru, ba zai ƙare a zamanin jikokin jikokinka ba. Abin da za a fara ji a jiki shi ne kifi, sai zafi, domin gawar tsiron da ke nutsewa tana tafiya da kabon zuwa ƙasan teku, ba don haka ba da wanda ke sama ya fi na yanzu nesa ba kusa ba.

Tambaya: Baba Malam, ina gaisuwa. Bandar kifin amane, dangin sadin, nake saro daga Elmina in kai Kumasi. Shekarun nan idan aka rufe teku wata guda, mu da masu banda sai mu zauna hannu rabbana, kuma da aka buɗe kifin bai ƙaru ba. Wannan rufewar tana da amfani kuwa, ko wahalar da talaka ce kawai?
— Wata 'yar kasuwa, zangon Takoradi

Amsa: Ina amsawa, Hajiya, Allah ya sa albarka a nema. Tushen rufewar daidai ne, yadda ake aiwatar da ita ne ke da gyara.

Kin fi ni sanin yadda teku ke canzawa daga Yuli zuwa Satumba: ruwa ya yi sanyi, ya yi duhu-duhu, hazo ya kwanta da safe. Wannan shi ne lokacin da ruwan ƙasa ke tasowa da taki a gaban Ghana da Kwaddebuwa. Tsiro ya yi yabanya, ƙananan halittu su biyo, amane ya taru ya zuba ƙwai don 'ya'yansa su ƙyanƙyashe cikin abinci. Lokacin da ya fi sauƙin kamuwa shi ne lokacin da cikinsa ke cike da ƙwai. Abin da ake kamawa ya faɗo daga sama da tan 130,000 a 1996 zuwa ƙasa da tan 30,000 a 2016.

Masana watan Agusta suka nema. A 2018 aka sanar da shi, masunta suka ƙi, aka janye. A 2019 aka rufe daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, lokacin da ya fi daɗi ga siyasa amma kifin bai fara zuba ƙwai sosai ba. A 2021 aka koma Yuli ga masu kwale-kwale, Yuli da Agusta ga manyan jirage. Kin ga yadda ake ciniki da kalanda, alhali ruwan sanyin ba ya halartar taro.

Babbar ɓarakar kuwa ita ce sauran watannin. Saiko kin san shi: a shekarun baya manyan jirage sukan kwashe ƙananan kifin da ba nasu ba, su daskarar, su sauke wa kwale-kwale a tsakiyar teku. Wata ƙungiyar kare muhalli ta ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai kimanin tan 100,000 ya bi ta wannan hanya. Ga kamu da fitila, ga raga mai ƙananan idanu. Wanda ya yi azumin wata guda ya ga wani yana ci a gabansa sauran shekara, ba za ka ga laifinsa ba idan ya ce dokar ta talaka ce.

Masuntan gaɓarku tun kaka da kakanni ba su fita ranar Talata, ba sai da ɗan sanda ba. Mutanen da suka riƙe wannan za su iya riƙe wata guda, in dai an zauna da su wajen zaɓen watan, an yi wa masu banda da irinku tanadi, an kuma ga jirgin babban mutum a ɗaure a tasha. Maƙwabta ma sai sun shigo, don garken amane ɗaya ne ke kai-komo tsakanin Kwaddebuwa da Ghana da Togo da Benin.

Tambaya: Malam, na karanta cewa ƙurar hunturu tana ciyar da teku. Wannan ƙurar da ke sa mu tari? Ina son in gaya wa ɗalibaina amma ina tsoron kada ya zama tatsuniya.
— Malamin sakandare, Damagaram

Amsa: Gaya musu, malam, ba tatsuniya ba ce, ka ƙara musu da wannan. A arewacin Chadi, kusa da Faya, akwai wani kwari da ake kira Bodele, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta fito da ƙarfi. Babu wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Shekaru kimanin 7,000 da suka wuce ƙasan wani makeken tafki ne, kakan Tafkin Chadi na yau, kuma farar ƙasar da ke wurin ɓawon dayatom ne da suka rayu a cikinsa. Wato wani kaso na hazon da ke kwanta muku a kan benci gawar fitofilankton ce. Tun a 1832 Charles Darwin ya tara ƙurar da ta sauka a jirginsu kusa da tsibiran Kef Bad, da aka duba ta a madubi aka ga ɓawon ƙananan halittun ruwan daɗi a ciki.

NASA ta ƙiyasta a 2015 cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin yammacin Sahara kowace shekara. Mai yawa a Tekun Atlantika take sauka, ɗauke da sinadarin ƙarfe da fosfaras. A tsakiyar teku, nesa da kowane kogi, ƙarfen nan ne ke ba wasu tsirrai damar kamo naitirojin daga iska, su sa wa ruwan taki don sauran.

Ƙura ba ta hannun kowace ma'aikata. Koguna kuwa suna hannunmu, kuma a nan tsarin tekun Najeriya zai ci ko ya faɗi. Gaɓarmu ba ta da tasowar ruwan sanyi mai ƙarfi irin na Ghana. Takinta daga Kwara da Binuwai da dazukan bakin ruwa na Neja Delta yake zuwa, shi ke ciyar da bonga, kifin da ke tace tsiron kai tsaye. Madatsun Kainji da Jebba da Shiroro suna tare laka da sinadaran da da can suke isa teku, takin zamani da dattin garuruwan da ke bakin kogunan Sakkwato da Kaduna da Gongola kuma suna ƙara wasu. Taron tsara teku da ba a gayyaci hukumomin raya kogunan Arewa ba, rabin masu ruwa da tsaki ne suka zo.

Ku mutanen Damagaram, da na Kano da Jigawa, yawancin ruwanku ba teku yake nufa ba, kwarin Tafkin Chadi yake gangarawa. A can ma akwai abin nuna wa ɗalibai. A tafkunan kanwa na yankin Kanem, matan Kanembu suna kwasar wani fitofilankton mai suna sifirulina daga saman ruwa, su zuba a ramin yashi ya tsane ya bushe, su yanka shi gutsi-gutsi. Dihe suke kiransa, a miya ake sa shi, kuma fiye da rabin nauyin busasshensa furotin ne. Idan kana da ɗan kasuwa mai zuwa Mao ko Masakori, ka ba shi saƙo ya sayo maka, ka jiƙa kaɗan a ruwa ka sa a madubin makaranta, za su ga zare kore a murɗe.